Gwaurayen da Rabo Ya Tsallake: Nazarin Saɓanin Farko a Ikkilisiyar Urushalima

A sura ta 4 ta Ayyukan Manzanni, Luka ya yi wa masu bi na farko a Urushalima shaidar da kowace ikkilisiya za ta so a yi mata: zuciyarsu ɗaya, nufinsu ɗaya, kuma babu mai rashi a cikinsu. Ka juya shafi biyu ka shiga sura ta 6, sai ka tarar ana gunaguni, ana rabon abinci kullum amma rabon yana tsallake wasu gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. Mutum ɗaya ne ya rubuta maganganun nan biyu, kuma bai share ta biyun don ya rufa wa ta farkon asiri ba. Ayoyi bakwai ya ba lamarin. A ganina, mai son ya gane abin da taimakon juna yake nufi a rayuwar ikkilisiya, gara ya daɗe a kan waɗannan ayoyi bakwai fiye da ayoyin yabon, domin a nan ake ganin zumunci sa'ad da ya yi tuntuɓe, da yadda aka tashe shi.

Daga 120 zuwa dubbai

Kafin ranar Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, masu bi wajen 120 ne, kowa ya san kowa. A ranar Fentikos kaɗai aka ƙaru da mutum wajen 3,000, ba da jimawa ba kuma yawan maza ya kai wajen 5,000. Suna taruwa a Haikali, suna cin abinci tare gida gida. Masu gonaki da gidaje sukan sayar, su kawo kuɗin su ajiye a gaban manzanni, a raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Ba tilas a ciki. Yusufu, Balawe daga tsibirin Kubrus, wanda manzanni suka yi wa laƙabi da Barnaba, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. Maryamu uwar Markus kuwa ta riƙe gidanta, kuma a gidan nan aka yi ta addu'a daren da Bitrus ya fito daga kurkuku. Shi Bitrus ma abin da ya faɗa wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani kashi na kuɗin, ke nan: gonar taka ce kafin ka sayar, kuɗin naka ne bayan ka sayar. Ƙarya ce ta halaka Hananiya da matarsa Safiratu, ba riƙe dukiya ba.

To, kuɗi na shigowa, zuciyar bayarwa tana nan. Abin da bai canja ba shi ne hannun da ke raba kayan. Mutum goma sha biyu ne, 'yan Galili, waɗanda a lokaci guda suke koyarwa kullum a Haikali da gidaje, ana kama su, ana kulle su, har an yi musu bulala a gaban majalisa. Tsarin da ya ishi mutum 120 shi ake tafiyar da dubbai da shi.

Dubban nan kuma ba harshensu ɗaya ba. Tun da Iskandari Mai Girma ya ci yankin a shekara ta 332 kafin haihuwar Almasihu, Helenanci ya zama harshen kasuwa da karatu a gabashin Bahar Rum. Yahudawan da suka tashi a Iskandariya, Antakiya, Kurane ko Kilikiya, da Helenanci suka yi wayo, da shi suke addu'a, kuma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu aka juya musu Attaura zuwa harshen a Iskandariya. In suka dawo Urushalima da zama, sai su nemi junansu, su yi majami'unsu. A shekarar 1913 masu tonon tarihi sun samo wani dutse a Urushalima mai rubutun Helenanci, inda wani shugaban majami'a mai suna Tiyodotus ya ce ya gina majami'ar don karatun Shari'a da koyar da dokoki, ya kuma haɗa da masauki da ɗakuna da wurin ruwa saboda baƙin da ke zuwa daga ƙetare. Wannan dutse yana nuna maka cewa a cikin birni ɗaya akwai al'umma biyu, addininsu ɗaya, Haikalinsu ɗaya, amma kowa da inda yake zama, da wanda yake gaisawa da shi. Bishara ta shiga ɓangarorin biyu. Luka ya kira 'yan ƙasa masu yaren Aram da sunan Ibraniyawa, sauran kuma Yahudawa masu Helenanci.

Yadda ake manta da mutum ba tare da an ƙi shi ba

A wancan zamani mace da mijinta take dogara, in ya mutu sai 'ya'yanta maza, in babu su sai gidan ubanta. Shari'ar Musa ta yi wa gwauraye tanadi: a bar musu kalar gona da ta inabi da ta zaitun, kuma ushirin kowace shekara ta uku a ajiye shi a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Amma dubi bambancin. Gwauruwa 'yar ƙasa tana da ƙane a wani ƙauye na Yahudiya, tana da maƙwabtan da suka san ta tun tana amarya. Wadda ta biyo mijinta daga Kurane, ya mutu ya bar ta a Urushalima, danginta suna hayin teku. Masana da yawa suna bayyana cewa Yahudawan ƙetare sukan dawo da tsufansu don a binne su a birni mai tsarki, shi ya sa gwauraye suka yi yawa a wannan ɓangare. Ashe ɓangaren da ya fi bukata shi ne wanda masu rabo suka fi rashin sani.

Mu ɗan kwatanta safiyar rabo. An ba wani ɗan'uwa kwandon gurasa ya kai wa mabukata. Babu takarda a hannunsa, sunayen suna kansa. Ya san uwar wane, domin tare suka taso da ɗanta. Ya san matar marigayi wane, domin ya halarci jana'izar. Duk gidan da ya shiga ana masa maraba da yaren da ya tashi da shi, a kuma tuna masa da wata tsohuwa a bayan layi. Kwando ya ƙare, ya koma da farin ciki, a zuciyarsa ya yi aikin Ubangiji, kuma ya yi ɗin. Ita kuwa ta Kurane tana wani ɗaki a wata unguwa, tana zuwa addu'a a gidan da ake Helenanci. In sun haɗu a shirayin Haikali ya gaishe ta, ta amsa da 'yan kalmomin da ta iya. Ko da ta iya yaren, wace mace mai mutunci ce za ta tsayar da namiji a bainar jama'a ta ce masa jiya ba ta ci komai ba?

Luka bai ce da gangan aka yi ba, bai kuma wanke kowa ba. Ya ce dai ana tsallake su. Ga wadda ba ta samu ba, da mantuwa da ƙiyayya duk yunwa ɗaya suke kawowa.

Wannan ne ya sa lamarin bai tsufa ba. A kowace ikkilisiya akwai mutanen da in zazzaɓi ya kama su da safe, kafin yamma fasto ya ji, dattawa sun je dubiya, domin suna cikin mawaƙa, ko suna kwamiti, ko danginsu ne suka kafa wurin. Akwai kuma wanda yake zama a kujerar baya, ya shigo ana waƙar farko, ya fita da an sa albarka. In ya yi wata biyu bai zo ba, babu wanda zai lura, don babu wanda ya san sunansa balle gidansa. Ikkilisiyar za ta iya ba da rahoton taimako mai yawa a ƙarshen shekara, rahoton kuma gaskiya ne, alhali taimakon yana zagayawa ne a tsakanin waɗanda suka riga suka san juna.

Abin da manzanni suka yi da gunagunin

Gwaurayen ba su ne suka kai ƙara ba. 'Yan'uwansu masu Helenanci ne suka fara magana, kuma ba a fili ba, gunaguni ne. A cikin Nassi kuwa gunaguni ba shi da suna mai kyau. Kowane Bayahude ya san yadda kakanninsa suka yi wa Musa gunaguni a jeji saboda abinci, da hukuncin da ya biyo baya. Da manzanni sun so kare kansu, ga makami a hannu: su hau wa'azi a kan zunubin gunaguni, su tuna wa jama'a irin wahalar da suke sha dominsu, masu magana su ji kunya su yi shiru. Suna iya cewa dukanmu ɗaya ne cikin Almasihu, kada kowa ya kawo mana zancen ɓangaranci, magana mai daɗin ji wadda sau da yawa da ita ake toshe bakin wanda aka cuta. Akwai ma hanya ta uku, wadda ta fi sauƙi: a raba gari, masu Helenanci su yi taronsu da asusunsu, Ibraniyawa su yi nasu, kowa ya ji da gwaurayensa.

Ba su bi ko ɗaya ba. Sun kira dukan jama'ar almajirai, ba 'yan majalisa kaɗan a bayan ƙofa ba. Ba su musa cewa abin ya faru ba, ba su kuma nemi wanda za a ɗora wa laifi ba. Sun ce bai dace su bar maganar Allah su koma rabon abinci ba, saboda haka jama'a su zaɓi mutum bakwai daga cikinsu, waɗanda ake yi wa kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a ɗora su a kan aikin, su kuwa su lizimci addu'a da hidimar Kalma. Maganar ta gamshi kowa. Jama'a suka zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu.

Ga waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Gaskiya ne suna kaɗai ba hujja ba ne, tun da a cikin sha biyun ma akwai Andarawas da Filibus masu irin waɗannan sunaye. Amma bakwai cikin bakwai ba dace ba ne. Nikolas ma ba haifaffen Bayahude ba ne, shiga addinin ya yi. Istifanas kuma da mutanen Kurane da Iskandariya da Kilikiya da Asiya ya yi ta muhawara, wato a cikin masu Helenanci yake yawo. Shi ya sa yawancin masu nazarin Nassi suka tafi a kan cewa daga ɓangaren da ya yi kuka aka ɗebo su.

Nan ne zuciyar lamarin take a wurina. Ba a ce wa masu ƙorafi an ji, za a duba ba. Ba a ba su kujera ɗaya a kwamiti don a ce an yi adalci ba. An miƙa musu aikin ne gaba ɗaya, da kuɗin da kwandon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su ne suka san ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Sannan ka duba abin da ɗaya ɓangaren ya yarda da shi: daga ranar, abincin uwayensu ma a hannun mutanen da suka yi musu gunaguni jiya yake. Ba da sadaka yana da sauƙi a kan wannan. Mai bayarwa yana nan a sama, hannunsa ne ke miƙawa. Amma ka sauka daga kan abin da kake riƙe da shi, ka amince wa ɗan'uwan da harshenku ba ɗaya ba ya riƙe, ka dogara ga adalcinsa, wannan sai wanda ya gaskata da gaske cewa jiki ɗaya ne.

Wani zai yi mamakin sharuɗɗan. Rabon gurasa har sai da cikar Ruhu da hikima? Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san amsar. Kuɗi na gwada mutum, zargi kuma ba ya jiran hujja, shi ya sa ake bukatar wanda an riga an shaide shi, kuma ba mutum ɗaya ba. Malaman Yahudawa ma, a ƙa'idodin da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, sun ce asusun matalauta mutum biyu ke tarawa, uku ke rabawa. Hikima kuma ita ce sanin wanda yake bukata bai faɗa ba, da yadda za a ba shi ba tare da an zubar masa da mutunci ba. Ana iya ƙosar da cikin mutum a karya masa zuciya a lokaci guda, in aka kira sunansa a gaban taro, ko aka sa shi ya yi ta godiya kamar ya ci bashi.

Akwai abu biyu da ba zan wuce su ba. Na farko, maganar manzanni a kan rabon abinci an sha yi mata mummunar fahimta, har wasu shugabanni suna ɗaukar kula da matalauta a matsayin ƙaramin aiki da ake tura wa na ƙasa. Mutanen da Ubangijinsu ya ɗaura tawul ya wanke musu ƙafafu ba za su yi nufin haka ba. Iyakar ƙarfinsu suka gane, suka ga in suka riƙe duka biyun, duka biyun za su lalace. Kuma an yi addu'a an ɗibiya hannu kafin a fara aikin, abin da ba a yi wa aikin banza. Na biyu, a cikin ayoyi bakwai ɗin ba a ji muryar gwauruwa ko ɗaya ba, ba a ambaci sunan ko ɗaya ba, kuma a cikin waɗanda aka zaɓa babu mace. Haka zamanin yake. Sai dai littafin da kansa ya nuna cewa ba masu karɓa kaɗai mata suke ba. A Yafa, da wata almajira mai suna Tabita ta mutu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Ba kwamiti ne ya naɗa ta ba, ita ta san girman jikin kowace a cikinsu. Ikkilisiyar da ke shirya taimako a yau ba tare da ta zauna ta saurari waɗanda za a taimaka ba, ta ɗauki rabin darasin ne kawai.

Daga baya abin da aka fara da gaggawa ya zama tsari. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta yi maganar rubuta sunayen gwauraye, daga mai shekara 60 zuwa sama, ta kuma ce mai gwauruwa a gidansa ya fara riƙe ta, kada a nawaita wa ikkilisiya, don ta samu ta kula da waɗanda ba su da kowa. Wajen shekara ta 251, Karniliyas bishop na Roma ya rubuta cewa ikkilisiyar birnin tana da dattawa 46 da dikononi 7, tana kuma ciyar da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Ba a iya faɗin irin wannan adadi sai an rubuta sunaye, an bi gida gida. Wasu suna ganin takarda da lissafi suna kashe ƙauna. Lamarin Urushalima ya nuna akasin haka: inda ake dogara da tunawa kaɗai, wanda ba a sani ba shi ke kwana da yunwa.

Inda lamarin ya kai

Luka ya rufe labarin da cewa maganar Allah ta yi ta haɓaka, almajirai suka ƙaru ƙwarai a Urushalima, har firistoci da yawa suka yi na'am da bangaskiyar. Amma abin da ya biyo baya ya wuce haka. Mutanen da aka ba kwando ba su tsaya a kwando ba. Istifanas ya yi ta shaida har aka gurfanar da shi a gaban majalisa, aka jajjefe shi da duwatsu, wani saurayi mai suna Shawulu yana tsaron tufafin masu jifa. A ranar nan aka fara tsananta wa ikkilisiya, masu bi suka warwatsu, ban da manzanni. Filibus ya gangara Samariya da bishara, daga baya ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma a hanyar Gaza. Wasu daga cikin waɗanda suka warwatsu, mutanen Kubrus da Kurane, suka isa Antakiya, birni na uku a girma a daular Roma bayan Roma da Iskandariya, suka fara yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi. A can aka fara kiran almajirai Kirista.

A zamanin Kaisar Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa 54, yunwa ta afka wa Yahudiya. Masanin tarihi Yosefus ya ba da labarin yadda Sarauniya Helena ta Adiyabin ta sayo hatsi daga Iskandariya da busasshen ɓaure daga Kubrus don ta ceci mutanen Urushalima. Tun kafin yunwar ta zo, wani annabi mai suna Agabas ya sanar da ita a Antakiya. Almajiran can suka yanke shawara kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika da gudummawar ga dattawan Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wanda a lokacin ya riga ya tuba ya zama mai bi. Ikkilisiyar da masu Helenanci suka kafa, ɓangaren da a dā rabo yake tsallake gwaurayensa, ita ce ta ciyar da Urushalima a ranar wahalarta. Da an raba asusu a sura ta 6, da an ce kowa ya ji da nasa, da wuya a ga abin da zai sa mutanen Antakiya su ɗauki yunwar Yahudiya a matsayin tasu.

Shawulu, wanda aka fi sani da Bulus, bai saki wannan aiki ba. Ya yi shekaru yana tara gudummawa a ikkilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Ya umarci mutanen Koranti kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako, ya kuma sa ikkilisiyoyi suka zaɓi wakilan da za su raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. Wajen shekara ta 57, a kan hanyarsa ta kai gudummawar, shi da abokan tafiyarsa suka sauka a Kaisariya. Gidan da ya karɓe su na Filibus mai bishara ne, wanda Luka ya ce ɗaya ne daga cikin bakwai ɗin nan, abokin aikin Istifanas. Suka yi kwanaki a wurinsa, sa'an nan wasu almajiran Kaisariya suka raka su zuwa Urushalima.